Kuyya Uku a Gonar Kawu

Ni ban cika yarda da mutumin da ake hira ya yi shiru yana sauraro ba, kuma ina da dalili, domin ni ma irinsu ne. Shekara guda bayan an ba mu jiha, ina aikin akawu a wani ofis a Gusau. Aikina shi ne in saka wasiƙu a fayil, in buga wa kowane shafi lamba a kusurwa, don kada wani ya zare takarda a rasa gane an zare. Garin duk a hargitse yake a lokacin. An kwaso ma'aikata daga Sakkwato, ɗakin haya ya yi wuya, duk wanda ka gani da fayil a hammata yana neman ofishin da ko kujeru ba a kawo masa ba. Ni kuwa abin da ke cina daban ne, littafi nake so in rubuta.

Abin da ya tunzura ni shi ne littattafan da ake kawowa kasuwa daga Kano. Na karanta su har na gaji, ban ci karo da mutum ɗaya mai magana irin ta Innata ba. A Tsafe aka haife ni, garin mahaifina, ita kuwa Inna 'yar wani ƙauye ce a bayan Bunguɗu. A Tsafe maƙwabta suna kwaikwayon bakinta suna dariya. In na je dangin uwa sai a ce harshena ya karkata Katsina. A ofis kuma, in na yi suɓul da baka na ce "tahi", waɗanda suka yi karatu a Zariya sai su kalli juna. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Na gaji da zama mutumin da duk inda ya buɗe baki sai an tambaye shi daga ina yake. Sai na ƙudura cewa zan rubuta littafin da mutanen cikinsa za su yi magana da bakin dangin Inna, wanda bai gane ba ya je ya tambaya.

Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta mai shuɗin bango. Kafin in rubuta ko kalma ɗaya, hannu ya riga ya saba, na zauna na bi shafukan na sa musu lamba daga ɗaya har tamanin. Lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Wanda na nufa da littafin shi ne Kawu, yayan Inna. Dogo ne, siriri, haƙoransa jajaye da goro, kuma tun da nake ban ga mai daɗin baki irinsa ba. Kawu zai ba ka labarin yadda akuya ta shiga masa rumbu, ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, gobe ya sake ba ka shi ka sake yin dariyar. Duk Asabar sai in hau mota daga Gusau zuwa Bunguɗu, in hau kabu-kabu zuwa ƙauyen, in same shi a gona. Mu zauna gindin ɗorawa, yana zuba ina rubutu.

"Mi kaka rubutawa haka, akawu?" Haka yake kirana don tsiya.

"Maganarka, Kawu."

"To ita gwamnati mi za ta yi da maganata?"

"Ba na gwamnati ba ne. Nawa ne."

"Kai da gwamnati ai ɗaya kuke, tun da ita ka ba ka tuwo."

Ya faɗa da dariya, ni ma na yi dariya, na kuma rubuta.

Ban tsaya kan Kawu kaɗai ba. Na lura kowace gona a ƙauyen tana da sunan da ake kiranta da shi, sunayen kuma suka burge ni. Sai na riƙa zagayawa ina tambaya. Wannan gonar ta wa ce? Me ake ce mata? A wurin wa ya gada? Daga ina ta fara, ina ta tsaya? Mutane suna ba ni amsa, ina rubutawa a gabansu, ga alƙalami biyu a aljihun gaba, ga takalmi sau-ciki a cikin huɗa. A raina kalmomi nake tarawa. Ko sau ɗaya ban tsaya na kalli kaina da idonsu ba.

A can gona ba ta da takarda. Gamba ake dasawa a kan iyaka, tsiri-tsiri a jere, in kaka ta yi a yanke ta a saƙa zana, tushen ya zauna a ƙasa har damina ta dawo ya sake tohowa. Gambar nan da tsofaffin da suka san ranar da aka dasa ta su ne shaida. Shi ya sa taɓa gambar iyaka babban abu ne, wanda aka kama da shi har jikokinsa sai an goranta musu.

Wata Asabar, dawa ta fara fitar da kai, Kawu ya ci goro ya ji daɗi, sai ya nuna min layin gambar da ya raba gonarsa da ta gabas. Mai gonar ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne ke nomanta, wani malamin firamare mai sanyin hali wanda ba ka jin muryarsa sai a aji.

"Ka ga gambar ga?" in ji Kawu, ya rage murya. "Wata shekara ruwa yat taho da ƙarhi, yat tumɓuke ta duk. Uban malamin ga yana can kudu wurin nema. Shanunai kuwa kaka biyu suna ci min dawa, ko sannu bai taɓa ce min ba. Da nit tashi maida gamba, sai hannuna yaz zarce kuyya uku cikin gonatai."

Kuyya ita ce tudun huɗa da ake shuka a kai. Uku ba wani abin kirki ba ne a ido, amma a tsawon gona, shekara talatin, ai an ci dawa.

"Da ya dawo fa?" na tambaya.

"Yad duba, yag gaishe ni da aiki. Har yam mutu yana gaishe ni."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ina ta rubutu da sauri, kada kalma ɗaya ta kuɓuce min. Wallahi ko ɗar ban ji ba. Daɗi na ji, irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, ina ta ce wa kaina wannan shi ne babin farko. A shafi na goma sha bakwai na rubuta shi, tsaf, da sunan gonar da komai.

Bayan an kawar da amfani, sai ga wata farar mota ta shigo ƙauyen da mutum uku. Suka ja igiyar awo a bakin hanya, suka kakkafa turaku masu jan fenti, wasu a cikin gonakin mutane, biyu a gonar Kawu. Ba su yi wa kowa bayani ba, suka shiga mota suka tafi. A shekarun nan kuwa kowa ya ji labarin gonakin da aka karɓe a gefen Gusau don gine-ginen sabuwar jiha. Ni ban san an yi ba, ina ofis ina buga lamba.

Asabar ta zagayo na taho. Tun a kan kabu-kabu na fara jin wani iri. Mai babur ɗin, wanda kullum yake cika ni da surutu, bai ce uffan ba sai da muka kusa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Yallaɓai, tamu ma tana cikin littahin?"

Yallaɓai! Ni da yake kira ɗan Tsafe. A bakin masallaci na yi sallama, aka amsa a gajarce, hira ta mutu har sai da na wuce. Matar Kawu ta kawo min ruwa, ba ta tambayi Inna ba. Shi kuwa Kawu yana zaune yana gyaran igiya, bai ɗago ba. Da ƙyar na ji zancen turakun daga bakinsa, sannan ya ce mai gari yana nemana Asabar mai zuwa bayan la'asar, kuma in taho da littafin.

Raina ya ɓaci sosai. Ni da na zo in ɗaukaka maganarsu, ni za a mayar ɗan leƙen asiri? A hanyar komawa na zauna ina lissafa wanda ya ƙulla min. Na zargi mai shayin bakin tasha, don ya taɓa tambayata ko nawa ne shafukan littafin. Na zargi wani abokin aikina da ya ga littafin a kan teburina. Na fi zargin malamin firamaren, don a ganina duk mai shiru haka yana da abin da yake dafawa. Har mai babur sai da na sa a layi. Ban bar kowa ba sai kaina.

Ranar Lahadi na wuce Tsafe, don na san labari ya riga ni. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Kai, tsakaninka da Allah, kai ka kai gonar yayana?"

"Haba Inna! Har da ke?"

"Har da ni. Mutum shi zamna, ana magana shi yi kurum yana rubutu, mi kaka so a ce mai?"

Na shiga yi mata bayanin littafi, da Hausar Kano, da yadda nake so a ji bakinsu a duniya. Ta saurare ni tana tsintar wakenta. Da na gama ta ce ita ba ta aike ni in kai bakinta ko'ina ba, yana nan inda Allah ya aje shi. In dai ba abin ɓoyo a ciki, in kai musu su ji, a huta. In kuwa na ƙi, to in san ba ni kaɗai zan rasa ƙauyen ba, har ita ba ta da idon da za ta sake shiga gidan ubanta.

Na fito ina huci, amma da ƙarfin gwiwa, don na san babu awo ko ɗaya a littafina. A cikin motar Gusau na ciro shi ina buɗawa, ina murmushin yadda za su ji kunya. Muna wuce Kwatarkwashi na iso shafi na goma sha bakwai. Ga kuyya ukun Kawu nan ɓaro-ɓaro, da rubutun hannuna.

Kwana shida na yi ina juya abin. In yage shafin? Ga lambobin da na sa da hannuna, duk wanda ya iya ƙirga zai ga sha shida ta yi tsalle zuwa sha tara, kuma takardar da ke haɗe da ita a can baya za ta zube. Yagaggen shafi a gaban mutanen da ke zargina ai ya fi komai muni, cewa za a yi nan ne awon yake. In shafe da tawada? Duk ɗaya. In kwafe a sabon littafi? Kowa a ƙauyen ya san wannan, da lanƙwasasshen bangonsa da tabon goron da Kawu ya taɓa fesa masa. Na tsine wa lambobin nan ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe na kwantar da raina da dabara ɗaya: ni zan karanta, in na zo wurin in tsallake.

Zauren mai gari ya cika ranar. Dattawa a kan tabarmi, matasa a tsaye a bakin ƙofa, Kawu a gefe ya haɗa rai. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ciro littafin na buɗe, na gyara murya.

"A'a," in ji mai gari. "Ba kai za ka karanta muna ba. Mai abu ai abin da ya so shika karantawa. Ba Malam littahin."

Na waiwaya. Malamin firamaren ne, ya miƙo hannu a natse.

Na riƙe littafin gam. Na kalli Kawu, ina ƙoƙarin in tuna masa da ido, ɗorawa, gamba, ranar nan. Shi bai taɓa kawowa a ransa cewa har irin wannan ake rubutawa ba. A wurinsa rubutu na sunan gona ne da abin da gwamnati ke so, hira kuwa iska ce, an yi ta wuce. Kallon da nake masa sai ya ɗauke shi a na marar gaskiya.

"Ba shi!" ya daka min tsawa. "In ba ka ɓoye komi ba, ba shi. Kak ka kunyata ni gaban mutane."

Na ba shi.

Malam ya fara da muryar aji, a hankali, yana bin layi da yatsa. Shafin farko labarin akuya da rumbu ne. Bai kai rabi ba wani dattijo ya tuntsire da dariya ya ce, "Wallahi haka shika hwaɗi!" Zaure ya ɗauka. Aka shiga sunayen gonaki, kowa ya ji tasa sai ya gyaɗa kai, wani ma ya yi gyara, ya ce ba daga kakansa ba ne, daga ƙanen kakan ne. Fuskar Kawu ta fara sakewa, har ya soma ƙarasa wa Malam jimla kafin ya kai. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba: a cikin tsoron nan, daɗi nake ji. Su ne masu saurarona na farko a duniya, kuma suna dariya daidai inda na so a yi. Ina jin daɗin ina ƙirga shafi, sha uku, sha huɗu, sha biyar.

Ya gama na sha shida. Idonsa ya koma shafin dama, bakinsa ya buɗe zai fara, sai ya tsaya. Ina kallon ƙwayar idonsa tana bin layukan har ƙasa, ta sake komowa sama.

"Lahiya, Malam?" in ji mai gari.

"Rubutun wurin ga ya cakuɗe, ranka shi daɗe."

Ya lashi yatsa, ya juya takardar, ya ci gaba da labarin yadda ake gane ruwan da zai zo da iska. Muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan. Ya karanta har inda rubutuna ya ƙare, ya rufe.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "To jama'a, kun jiya. Wanga ba aikin gwamnati ba na, aikin banza na." Aka fashe da dariya, har da Kawu, wanda ya jawo ni ya ce gobe in taho ya ba ni na kura da ɗan tsako in ƙara. Aka yi addu'a aka tashi. A bakin ƙofa Malam ya miƙo min littafin da hannu biyu, ya dube ni ya ce a hankali, "Hannunka na da kyau, akawu. Kowane harahi ya hito."

Turakun nan daga baya aka ji na falwayar lantarki ne, kuma kafin wutar ta zo gara ta cinye su. Ƙauye ya manta da zancen. Ni ne ban manta ba. Rani guda na yi ina jiran abin da Malam zai yi. In ya gaishe ni da fara'a in ce akwai wata a ƙasa, in ya wuce bai gan ni ba in ce yau ce ranar. Na rage zuwa, ina fakewa da aiki. Na so in gaya wa Kawu, sau biyu ina buɗe baki, tsoro ya hana ni.

Da ruwan farko ya sauka na je Tsafe, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce Malam ya je gidan Kawu da goro, shi kaɗai, suka shiga ɗaki suka daɗe, ba wanda ya ji abin da suka ce. Washegari da safe Kawu ya saɓi fartanya ya tafi gona, ya tone gambar gabas tushe bayan tushe, ya mayar da ita baya kuyya uku. 'Ya'yansa sun so su kama masa ya kore su. Wanda duk ya tambaya sai ya ce layin ne ya ga ya karkace. Malam bai kai ƙara ba, bai nemi dawar shekara talatin ba, bai gaya wa kowa ba.

"Kai ka san dalili?" Inna ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na sha gaya wa kaina cewa gaskiya ce ta koma wurinta, gonar marayu ta dawo hannunsu, ni ma har lada nake da shi. Ƙarya nake. Ban rubuta shafin nan don a yi adalci ba, na rubuta shi ne don ya yi min daɗi. Mutanen ƙauyen sun yi kuskuren wurin da nake kai maganarsu, amma da suka ce ɗauka nake ina kaiwa wani wuri, ba su yi min ƙazafi ba. Har yau in ina zaune cikin mutane wani ya faɗi abin da ya burge ni, ina jin wani abu a cikina yana miƙa hannu, kuma ban yarda da abin nan ba.

Sai da dawa ta kai gwiwa na iya tattara ƙarfin hali na koma. Na bar littafin a Gusau, na cire alƙaluman daga aljihu. Na sami Kawu a gindin ɗorawa, ga sabon layin gamba ya kama, kore shar. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya ɓantaro goro ya ba ni. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Muka zauna. Na jira labarin kura da ɗan tsako, bai zo ba. Na tsokano zancen akuya, ya ce ai ta daɗe da mutuwa. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa, ga shi muna zaune muna jin kukan kurciya.

Da na ga abin ya ƙi, sai na shafa aljihuna na nuna masa.

"Kawu, yau ban zo da littafin ba. Ko alƙalami ban ɗauko ba."

Ya dubi aljihun, ya dube ni, ya tofar da goro gefe.

"Na gani, akawu," ya ce. "Amma ai ka taho da kunnuwanka."

Ya ɗauki fartanyarsa ya shiga cikin dawa. Ya ƙara shekara biyu a duniya, ina zuwa ina gaishe shi yana amsawa da mutunci, amma bai sake ba ni labari ko ɗaya ba.